Wa ya tuƙa injin kilomita 200,000 kafin a sayar maka da motar?

Tambayarka ita ce, kamfani ya fito da sabon injin bana, ya ce zai kai kilomita 200,000 ko fiye ba a buɗe shi ba, to wa ya tuƙa shi har ya kai can, kuma ka ji ana cewa wai na'urori ne ke gwada kayan injin da kansu dare da rana babu mutum a gun, shin gaskiya ne, in ma gaskiya ne za a iya yarda da irin wannan gwaji? To Malam, ka taɓo inda nake ci, na yi shekaru a ɗakin gwajin injuna, sai dai ka yi haƙuri amsar za ta ɗan ja.

Mu fara da lissafi mai sauƙi, don shi zai cire maka rabin mamakin. Motar da ke yawo tsakanin cikin gari da babbar hanya, in ka haɗa tsayuwa da gudu da cunkoso, a ce matsakaicin gudunta kilomita 50 a awa. Kilomita 200,000 ke nan awa 4,000. Raba da 24, kwana 167 ne kacal, ko wata shida bai cika ba. Abin da ke sa mai mota ya ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya kai can shi ne motar ta fi kwana a ajiye, yana barci tana barci, yana wurin aiki tana fakin. Na'ura kuwa ba ta barci, ba ta zuwa cin abinci, ba ta hutun ƙarshen mako. Wannan shi ne matakin farko na matse lokaci, kuma babu wata dabara a cikinsa ban da ƙin tsayawa. Sauran matakan ne ke da haɗari, zan zo kansu.

Amma kafin a kai ga cikakken injin, ɗaya-ɗaya ake fara azabtar da kayan, saboda injin gwaji na farko tsadarsa ba ta wasa ba ce kuma ba ya samuwa da wuri, in kuma ya buga a awa ta 600 sai ka tarar da ciki ya zama kaca-kaca, ba ka san wa ya fara jawo wa wani ba, konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ne ya karye ya fasa bulok ko kuwa metal (ɓawon da karanshaf ke juyawa a cikinsa) ne ya fara ci. Shi ya sa kowane ƙarfe mai muhimmanci yana da nasa teburin azaba.

Abin da ake nema a yawancin teburan nan shi muke ce wa gajiyar ƙarfe. Ka ɗauki waya ta ƙarfe ka lanƙwasa sau ɗaya, ba abin da ya same ta, ka ci gaba da lanƙwasawa kana miƙewa, can sai ta tsinke, alhali ba ka ƙara ƙarfin hannunka ba. Haka ƙarfe yake, nauyin da ba zai karya shi a karo ɗaya ba zai iya karya shi a karo na miliyan biyar. Ba a kan mota aka fara gane wannan ba ma, a kan jirgin ƙasa ne, lokacin da gatarin ƙafafun jirgi ke karyewa haka kawai babu gargaɗi, har aka yi mummunan haɗari kusa da garin Basai (Versailles) a Faransa a 1842. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya zauna a shekarun 1850 da 1860 ya ƙera na'urorin da ke juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga zagaye nawa suke yi kafin su karye. Zanen da ke nuna nauyi a gefe ɗaya, yawan zagaye a ɗaya gefen, har gobe sunansa muke kiransa da shi. Duk na'urorin zamani masu kwamfuta jikokin tasa na'urar ne.

Don ka ga girman lamarin a injin. A juyi 3,000 a minti, karanshaf yana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a sakan tunda sau ɗaya yake buɗewa a juyi biyu, wato sau 90,000 a awa. Awa 111 kawai sifirin ɗin bawul ya matsu sau miliyan 10. Fistin ɗin injin dizal mai faɗin milimita 80 kuwa, in matsin ƙonewa ya kai bar 180 (bar shi ne ma'aunin matsi), nauyin da ke sauka a kansa ya haura tan 9, kuma wannan dukan ta konrod yake bi ya sauka a kan metal da karanshaf, a sake, a sake, a sake. Ka ga ba zancen ƙarfi kawai ake yi ba, zancen haƙuri ake yi.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe. Baƙin ƙarfe irin na karanshaf da konrod yana da wata iyaka, in nauyin bai kai ta ba kuma ya tsallake zagaye wajen miliyan 10 lafiya, a aikace ana ɗaukarsa ya tsira, shi ya sa yawancin gwaje-gwajenmu a miliyan 10 ake yanke su. Alminiyom ba shi da wannan iyakar a fili, kome ƙanƙantar nauyi yana ci masa rai a hankali, ga shi kuma zafi yana sa shi laushi, kuma fistin da top silinda na motocin yanzu yawanci alminiyom ne. Don haka shi ba a ce masa ya tsira har abada, sai dai a ce zai kai zagaye kaza a zafi kaza.

Bari in nuna maka teburin karanshaf, don shi ne ya fi burge ni tun ranar da na fara ganinsa. Ba a juya karanshaf ɗin ma. Yanko gaɓa ɗaya ake yi, a ɗaure ta tsakanin wasu manyan faranti biyu na ƙarfe masu nauyi da ke rataye, abin ya zama kamar cokalin nan mai baki biyu da masu gyaran kayan kiɗa ke bugawa ya yi ƙara. Sai a sa wata 'yar na'ura mai girgiza ta riƙa tura faranti ɗaya daidai da saurin da abin yake son kaɗawa da kansa, kamar yadda kake tura yaro a lilo, ɗan turi kaɗan a daidai lokaci sai lilo ya yi sama. Da wuta 'yar kaɗan sai ka samu lanƙwasa mai ƙarfin gaske, sau gommai a sakan. A sau 50 a sakan, miliyan 10 awa 56 ne, kwana biyu da 'yan awanni. Ga inda daɗin yake: da zarar tsaga ta fara a ƙarfen, taurinsa ya ragu kaɗan, saurin kaɗawar ma sai ya sauka kaɗan, kwamfuta kuma tana kallon wannan lambar ba ƙiftawa, ta sauka da ɗan abin da aka gindaya mata sai ta kashe na'urar ta rubuta zagaye na nawa ne. Ka zo da safe ka ɗauki ƙarfen ka juya shi a hannu, wallahi ba za ka ga komai ba, sumul. Sai ka fesa jan ruwan nan mai shiga tsaga, ka goge, ka fesa farin a kai, ka jira minti kaɗan, sai ka ga wani siririn jan layi kamar gashi yana fitowa a kwanar da wuyan karanshaf ya haɗu da kafaɗarsa. Kusan kullum a wannan kwanar ne, shi ya sa masu ƙerawa ke murza wurin da ƙarfi ko su ƙona shi ya yi tauri, kuma shi ya sa mai gogar karanshaf da ya cinye wannan kwanar ya kashe ƙarfen ko da ma'aunin wuyan ya fita daidai.

Sauran teburan zan bi su da sauri. Konrod ana ja ana dannawa da na'urar matsin mai, don a injin ma haka yake sha, dannawa lokacin ƙonewa, ja lokacin da fistin ya kai sama yana son ya wuce. Top silinda ana ɗora shi shi kaɗai, moto na lantarki ya juya kamshaf, babu wuta babu fetur, a ga yadda bawul da sifirin da kan kamshaf ke ci. Nozul da bututun dizal na zamani ana hura musu matsi ana saki miliyoyin sau, kuma matsin ba na wasa ba, motocin farko masu tsarin da bututu ɗaya ke raba wa duk nozul mai (common rail) da suka fito a 1997 bar 1,350 suke yi, yanzu 2,000 zuwa 2,500 ake magana, bar 2,000 kuwa kamar ka ɗora tan 2 ne a kan farcen yatsanka. Ba dizal na gaske ake sawa a teburin ba, wani mai ne na musamman da aka ƙayyade a ISO 4113, don kada kaurin mai ya riƙa canza maka sakamako. Turbo kuma nasa ɗakin daban, ana hura masa iska mai zafi daga murhun gas maimakon salansar injin, ƙananan na juyawa fiye da sau 200,000 a minti, zafin hayaƙin injin fetur kuma yana kai digiri 1,000, har akwai gwajin da da gangan ake raunana fankar a ƙure ta sai ta tarwatse, don a tabbatar gidanta zai riƙe ɓaraguzan ba za su fito waje ba.

Sannan a zo kan cikakken injin, a ɗaure shi a kan daino, wato na'urar da ke ɗora wa injin nauyi tana auna ƙarfinsa. Daino ita ce hanya, ita ce tudu, ita ce lodi, tana riƙe injin ta ƙi barinsa ya gudu sai da ƙarfin da aka ce. Na da da ruwa suke birki, irin wadda William Froude ya ƙirƙiro a 1877, na yanzu moto ne na lantarki da ke iya riƙe injin kuma ya iya juya shi kamar mota tana gangara, wutar da ya samu daga riƙewar kuma a mayar da ita layi maimakon ta tafi a zafi. Kamfanoni irin su AVL na Ostiriya da Horiba na Japan su ne manyan masu ƙera waɗannan ɗakuna da manhajarsu. A nan ake yin gwajin totur a ƙasa ɗaruruwan awanni, da na hawa da sauka, da na silo mai tsawo, da wanda ni nake ganin ya fi kowanne mugunta, wato na zafi da sanyi. A ƙure injin har ruwansa ya haura digiri 100, salansa ta yi ja zur ana ganinta ta gilashi, sai kwamfuta ta sauke shi ta juya bawul, ruwa mai sanyi ƙarara ya kwararo cikin bulok da top silinda, a wasu gwaje-gwajen ma ƙasa da sifili, kafin ya gama dawowa hayyacinsa an sake ƙure shi. Sau dubbai. Alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, to ka ga gasket da ke tsakani yana shan murza kowane zagaye, ɗan siririn naman da ke tsakanin ramukan bawul ma nan tsaga ke son fitowa. Wannan gajiyar ba ta miliyoyi ba ce, ta dubbai ce, kowane tashi da kashe injin na mai mota zagaye ɗaya ne.

Yanzu batun "babu mutum". Gaskiya ne, ƙarfe ukun dare ka leƙa ɗakin ba kowa, injin na ta ruri shi kaɗai. Abin da kwamfuta ke yi kashi uku ne, tana ba da umarni, juyi kaza, nauyi kaza, zafin ruwa da na baƙin mai kaza, na minti kaza; tana rubutawa, sansa (ƙananan na'urorin aunawa) ɗari ko fiye, zafi, matsi, girgiza, yawan man da aka sha, yawan iskar da ke sulalewa ta gefen ringi zuwa cikin bulok; tana kuma gadi. Gadin nan shi ne ainihin aikin. Kowace sansa tana da iyakoki hawa-hawa, ta farko gargaɗi ne kawai a rubuta, ta biyu a sauke injin zuwa silo a bar shi ya huce sannan a kashe, don in ka kashe turbo yana ja baƙin man da ke cikinsa zai ƙone ya zama gawayi ka ɓata shaidarka da hannunka, ta uku kuwa a yanke mai nan take, kamar in matsin baƙin mai ya faɗi ko an ji hayaƙin gobara. Kuma ba a barin wannan ta ukun a hannun kwamfutar da ke tafiyar da gwajin ita kaɗai, akwai wani ɗan akwati daban da ba ruwansa da manhaja, in ita ta sandare shi zai kashe komai.

Akwai kuma abin da nake kira baƙin akwatinmu, kamar na jirgin sama. Ba za ka iya ajiye kowace lamba sau dubu a sakan har awa 1,000 ba, ba wanda zai karanta, to sai a riƙa rubuta na 'yan mintunan ƙarshe da sauri sosai ana gogewa ana sake rubutawa, ranar da aka samu tsayawar gaggawa sai a daskarar da shi. Da safe ka buɗe ka ga wa ya fara motsi, girgiza ce ta fara tashi kafin matsin mai ya faɗi ko matsin ne ya fara. Tazarar rabin sakan tsakanin layuka biyun nan ita ke raba mai laifi da wanda aka jawo wa. Burin duk mai wannan aiki shi ne ya tsayar da injin lokacin da ɓarnar ke jaririya, metal ya fara gogewa amma bai narke ba, don a nan ne ƙarfen ke iya ba ka labari.

Sai dai kwamfuta abin da sansa ta faɗa mata shi ta sani, ba ta da hanci ba ta da kunne. Na taɓa shan wannan. Muna gwada oyil sil na karanshaf a tebur, mai a tanki ana dumama shi zuwa zafin da aka ƙayyade, sai sil suka fara yoyo da wuri, robar ta bushe ta yi tauri kamar an gasa. Muka sa wasu, haka. Har an fara rubuta wa masu kawo kayan takardar ƙorafi, ana ta ɗaga murya a taro. Wani dattijon ma'aikacinmu da ya fi mu daɗewa ya shigo ɗakin, ya tsaya, ya ce man nan warin ƙuna yake. Muka ce allo na nuna daidai. Ya ce shi dai hancinsa ba ya nuna daidai. Aka zaro sansar zafi, ashe girgiza ta kwance notin da ke riƙe ta, ta zame sama, bakinta ya fita daga cikin man yana auna iskar da ke samansa, kwamfuta na ganin sanyi tana ta ƙara wa hita wuta, layin da ke allo kuwa miƙe sambal gwanin sha'awa. Mako uku muka zubar, sil ɗin mutane ba su da laifin komai. Tun daga ranar duk inda zafi ke da muhimmanci sansa biyu nake sawa a wurare daban, in sun saɓa da fiye da 'yan digiri a tsaya, kuma ina sa a riƙa duba yawan wutar da hita ke ja, don ita ba ta iya ƙarya tare da sansa.

To mu dawo kan matse lokaci, inda na ce akwai haɗari. Mataki na biyu shi ne a zubar da sassan tafiyar da ba sa cutar da ƙarfe. Ana liƙa sansa a motoci na gaske a tuƙa su a tudu da gangare da cunkoso da jan tirela, a kwaso bayanan, sai a ƙirga zagayen nauyi manya da ƙanana da wata hanya da Matsuishi da Endo na Japan suka fito da ita a 1968, a kuma tara ɓarnar kowanne da ƙa'idar Palmgren da Miner, ta 1924 da 1945, wadda ke cewa kowane zagaye yana cin ɗan kasonsa na ran ƙarfe, in kason ya cika ɗaya ya mutu. Ƙa'idar ba cikakkiya ba ce, ba ta damu da wane nauyi ya riga wane ba alhali ƙarfe ya damu, amma da ita ake aiki. In ka yi lissafin sai ka ga tafiyar sululu a babbar hanya kusan ba ta cin komai a ran konrod, 'yan lokutan da aka take totur ne ke cin kusan duka, sai a tattara waɗannan a bar sauran.

Mataki na uku shi ne ƙara azaba fiye da ta gaske. Boris mai ƙwallaye misali, in ka ninka masa nauyi biyu ransa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa, ƙarin kashi 26 cikin ɗari kawai ya isa ya raba ransa biyu. Roba da baƙin mai kuma akwai ƙiyasin da ake yi cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufansu. Ka ga jaraba ke nan, manaja na son sakamako kafin ƙarshen wata, sai a ce a ƙara wuta mana. Matsalar ita ce akwai inda in ka wuce, abin zai mutu, amma ba irin mutuwar da zai yi a hannun mai mota ba. Ka ƙara wa sifirin ɗin bawul gudu fiye da kima sai ya shiga rawar kansa bawul ya riƙa tsalle, ya karye ta hanyar da ba za ta taɓa faruwa a titi ba. Ka ƙara wa roba zafi ya wuce iyakarta, ba tsufa ta yi ba, ƙonewa ta yi. Sai ka kashe kuɗi kana gyara cutar da babu ita, ta gasken kuma tana nan kwance. Ni a wurina ma'aunin gwaji mai kyau ɗaya ne: ka ajiye ƙarfen da ya mutu a tebur kusa da wanda aka ciro daga motar da ta yi shekaru a hanya, in karayar iri ɗaya ce a wuri ɗaya gwajinka na da gaskiya, in ba haka ba lambobinka ado ne kome kyan na'urarka. Kuma akwai abin da ba ya matsuwa sam, tsatsa da ruwan da ke taruwa a baƙin mai saboda gajerun tafiye-tafiye injin bai yi zafi ba, wannan gudu ba tsayawa ma ɓoye shi yake yi, dole a yi masa nasa gwajin na sanyi da kashewa da jira.

Sai maganar guda nawa aka gwada, wadda mutane ba sa tambaya. Konrod goma daga tukunya ɗaya, nauyi ɗaya, wani zai karye a zagaye 400,000 wani ya haura miliyan 2, haka gajiyar ƙarfe take, warwatse take. Shi ya sa ake amfani da lissafin Waloddi Weibull ɗan Suwidin, wanda takardarsa ta 1951 ta yaɗa shi, ana kuma maganar B10, wato lokacin da kashi 10 cikin ɗari za su mutu, ba matsakaici ba, don mai motar da tasa ta mutu da wuri ba ruwansa da matsakaici. In kana son ka ce da tabbacin kashi 90 cewa kashi 90 na kayan za su kai wa'adi, sai ka gwada guda 22 duk su wuce ba ko ɗaya da ya faɗi. In kashi 99 kake so, guda 230. Wa zai ba ka injin 230 ka ƙona? Babu. Shi ya sa ake gwada ƙananan kaya da yawa, cikakken injin kaɗan, a cike giɓin da lissafin kwamfuta da tazarar kariya. Ni kuma na fi son gwajin da aka ci gaba har abin ya karye a kan wanda aka tsaya aka ce ya wuce, don "ya wuce" bai gaya maka saura taku ɗaya ya faɗa rami ba ko saura tafiyar kwana.

Cin ƙarfe kuwa, wato gogewa a hankali, ta baƙin mai ake leƙensa tun injin na gudu. Ana ɗiban man lokaci-lokaci a auna ƙarafan da ke ciki, baƙin ƙarfe na nuna silinda ko kamshaf, jan ƙarfe na nuna metal ko bushi, kuromiyom na nuna ringi, silikon kuma yawanci ƙura ce ta shigo. Akwai ma hanyar da ake sa wa saman ringi ɗan alamar nukiliya mai rauni, a riƙa auna yadda take bayyana a man, a ga cin nanomita nawa ne a awa ba tare da an kwance noti ɗaya ba. Amma duk da haka ranar ƙarshe hannu ne da ido. A kwance injin gaba ɗaya a shimfiɗa a dogon tebur a jere, kowane abu an auna shi kafin a fara, a sake aunawa, a duba bayan metal, a duba gawayin da ke ramin ringi, in akwai karaya a sa ta a madubin ƙara girma a bi layukan nan masu kama da sawun ruwa a bakin rafi har zuwa ɗigon da ta faro, sau da yawa ɗan ƙazanta ne a cikin ƙarfen ko sawun wuƙar injin sassaƙa. Wannan ɓangaren har yanzu ban ga na'urar da ta karɓe shi ba.

Za ka ce to me ya sa duk da wannan ake samun injin da ke ba da matsala bayan ya fito? Saboda gwaji tambayar da aka yi masa kawai yake amsawa. Da aka kawo tsarin kashe injin a danja ya tashi da kansa, yawan tayarwa ya tashi daga dubun-dubata zuwa dubban ɗaruruwa a rayuwar mota, kuma lokacin tayarwa ne metal ke gogar ƙarfe kafin mai ya ɗaga shi, dole aka zo da sabon gwaji da metal mai rufin roba ta musamman da kik mai ƙarfi. Da aka ƙanƙanta injunan fetur aka sa musu turbo da nozul mai fesawa kai tsaye cikin silinda, sai ga wata cuta, fetur ya kama wuta da kansa kafin fulogi ya ba da wuta, a ƙaramin juyi da babban nauyi, bugu ɗaya ya iya fasa fistin, ga kacar taimin tana saurin miƙewa saboda baƙin hayaƙin da ke shiga mai. Tsofaffin gwaje-gwaje ba su kama su da kyau ba don ba a san a neme su ba. Daga baya aka gano cewa sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu, musamman yawan kalsiyom, aka rubuta sababbin gwaje-gwajen injin guda biyu, ɗaya na wannan kamawar wutar ɗaya na cin kaca, aka sa su cikin sharuɗɗan API SP, ma'aunin ingancin baƙin mai da ya fara aiki a watan Mayun 2020. In motarka mai irin wannan injin ce, ka juya bayan galan ɗin mai ka nemi waɗannan haruffan ko na ma'aunin da ya biyo bayansu kafin ka zuba.